Kuɗin Kantin da Ba Mu Shiga Ba

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata takarda wadda kowane ɗayanmu yake da ita, amma 'yan ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka karanta ta daga sama har ƙasa. Takardar nan kuwa ita ce ta bayanin asusu, watau wadda banki yake jera duk abin da ya shiga ajiyar mutum da abin da ya fita daga cikinta. Abin mamaki ne a ce mu da muke raba dare a ɗakin karatu muna bin littattafai layi-layi domin jarrabawa, mu ne kuma muka kasa ba da minti goma ga takardar da take ɗauke da lissafin abincinmu na wata guda.

Dalilin wannan rubutu shi ne wani abu da ya faru a ɗakin kwananmu a zangon karatun da ya wuce. Wani ɗan'uwanmu ya shiga gari, ya tsaya a wani babban kanti ya sayi kayan shayi da taliya da sabulu na naira 7,450. Da ya miƙa katinsa, sai na'urar biya ta yi jim, sa'an nan ta fito da 'yar takarda mai nuna cewa ba a karɓi biyan ba. Kashiya ta ce matsalar sadarwa ce, a sake gwadawa. Aka sake, na'ura ta karɓa, ya ɗauki kayansa ya komo makaranta. Bayan kwana tara ya je biyan kuɗin buga takardun aikin da malami ya ba su, aka ce masa babu kuɗi a asusunsa. Da muka taru muka buɗe takardar bayanin, sai ga naira 7,450 an cire har sau biyu, minti ɗaya tsakani, kuma a gaban kowanne an rubuta sunan wani kamfani da ba mu taɓa ji ba, tare da alamar birnin Legas, alhali kuwa mai asusun bai taɓa taka Legas ba tun da aka haife shi.

Nan take ɗakin ya rabu biyu. Wasu suka ce lalle 'yan damfara ne suka shiga asusun. Wasu kuma suka ce ai abin da ya tafi ya tafi, a bar wa Allah. Mu a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne, watau rashin sanin yadda ake karanta takardar. Matsayinmu shi ne: duk kuɗin da ɗalibi ya gani an cire masa da sunan wani kanti bai gane ba, wajibi ne ya bi sawunsa, cikin natsuwa da tsari, har sai ya gane shi ko kuwa an mayar masa, komai ƙanƙantarsa.

Kada wani ya ce abin bai kai a tayar da jijiyar wuya ba. Lokacin da asusun ba da rance ga ɗalibai na Gwamnatin Tarayya, watau NELFUND, ya soma biya a shekarar 2024, kuɗin guzurin da aka yanka wa ɗalibi naira 20,000 ne a wata. Ke nan naira 7,450 ta haura kashi ɗaya cikin uku na abin da irin wannan ɗalibi zai ci, ya yi wanki, ya hau mota da shi har wata ya mutu. Wanda kuma ba rance yake ci ba, to, gumin uba ne ko na uwa, wataƙila sai da aka kai buhun masara ko akuya kasuwa kafin a aiko masa.

A zamanin iyayenmu, lokacin da kantuna irin su Kingsway da Leventis suke tashe, ciniki ido da ido ne. Mutum ya ƙirga kuɗinsa ya miƙa, a ƙirgo masa canji, magana ta ƙare. In banki ya je, magatakarda zai rubuta masa a littafin ajiya da alƙalami, ya buga hatimi a gabansa. Wannan zamani ya wuce. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirinsa na rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a shekarar 2012, ya faɗaɗa shi zuwa Kano da Abuja da wasu jihohi a 2013. Sa'an nan ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya tilasta wa kowa riƙe kati, har da mai shayin bakin ƙofar makaranta. Mun karɓi katin da hannu biyu, amma ba mu karɓi ilmin da ya kamata ya zo tare da shi ba, ga shi kuwa Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Bari mu fara da yadda layi guda yake samuwa a takardar. Idan muka saka kati a na'urar kanti, saƙon ba daga kanti yake tafiya kai tsaye zuwa bankinmu ba. Yana bi ta hannun kamfanin da ya ba kantin na'urar, da bankin da kantin yake ajiya, da kamfanin da ya mallaki tsarin katin, kamar Verve ko Mastercard ko Visa, kafin ya isa bankinmu a ce an amince, sa'an nan amsar ta sake biyo hanya ta komo. Duk wannan a cikin 'yan daƙiƙoƙi yake faruwa. Daga wannan doguwar hanya ne yawancin ruɗanin yake tasowa, kuma za mu iya kasa shi gida biyar.

Na farko, bambancin suna. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa a allon ƙofar kanti sau da yawa ba shi ne sunan da aka yi wa kamfanin rajista da shi a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba, kuma sunan rajistar ne ko sunan da aka buɗe na'urar da shi yake fitowa a takardar banki. Wani lokaci ma sunan kamfanin da ya sarrafa biyan ne zai bayyana, kamar Interswitch ko Moniepoint ko Paystack. Bugu da ƙari, gurbin da aka tanada domin sunan ɗan kaɗan ne, saboda haka a kan datse shi ya zama wasu haruffa marasa kan gado. Haka nan garin da aka nuna yakan zama inda hedkwatar kamfanin take, shi ya sa mutum zai yi sayayya a Zariya ko Sakkwato ya ga haruffan LA da NG a ƙarshen layi, watau Legas, Nijeriya.

Na biyu, bambancin rana. Ranar da aka yi ciniki daban, ranar da banki ya shigar da shi a littafinsa daban. Sayayyar daren Juma'a tana iya fitowa da kwanan watan Litinin, sai mutum ya rantse cewa ran Litinin yana aji bai fita ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Na uku, cirewa sau biyu, wadda ita ce ta sami ɗan'uwanmu. Saƙo ya isa banki, banki ya cire kuɗi, amma amsar ta maƙale a hanya ba ta komo wa na'ura ba, sai na'ura ta ce ba a biya ba. A irin wannan hali kuɗin ba ya hannun mai kanti, kuma bisa tsari ya kamata ya komo asusu da kansa. Amma ba kullum yake komowa ba sai an bi shi.

Na huɗu, kuskure ko ƙari a teburin biya. Kashiya tana iya shigar da kaya ɗaya sau biyu, ko ta danna sifili fiye da kima, ko kuwa farashin da ke manne a kan kanta ya sha bamban da wanda ke cikin kwamfuta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin laifi ba ne, domin a watan Fabrairu na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, watau FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci saboda an same shi yana nuna farashi ɗaya a kanta yana karɓar wani a teburin biya. Ya kamata kuma mu sani cewa ladan da ake biya a kan sayayya da kati, wanda Babban Banki ya rage a 2019 zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari, bisa sharaɗin kada ya wuce naira 1,000, nauyi ne na mai kanti. In aka ce mu ƙara wani abu saboda mun biya da kati, muna da damar tambayar dalili.

Na biyar, wanda shi ne mafi muni, shi ne wani ya yi amfani da katinmu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan: sau nawa muke ba abokin ɗaki kati da lambar sirri mu ce ya sayo mana burodi in zai shiga gari? Sau nawa muke danna lambar a gaban layin mutane ba tare da mun kāre da hannu ba? Akwai kuma katunan da ake biya da su ta hanyar ɗora su a kan na'ura kawai. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a watan Yuni na 2023, an yarda a yi irin wannan biya ba tare da lambar sirri ba har zuwa naira 15,000 a ciniki ɗaya, da naira 50,000 a yini. Ashe ke nan katin da ya faɗi a motar haya yana iya sayen kayan kanti kafin mai shi ya farga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kafin mu wuce, mu lura cewa ba kowane baƙon layi ne na kanti ba. Akwai kuɗin saƙon sanarwa ta waya, da kuɗin kula da kati, wanda jadawalin Babban Banki na 2020 ya ƙayyade kada ya wuce naira 50 a kowane wata uku ga asusun ajiya, da harajin VAT da aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a wannan shekarar, wanda ake ɗorawa a kan ladan banki. Waɗannan na banki ne da gwamnati, kuma kowanne da sunansa a takardar. Duk wanda ya rarrabe su ba zai je ya tsare kashiya a kan abin da ba ta sani ba.

To, idan mun ga layin da ba mu gane ba, yaya za mu yi? Matakin farko shi ne mu tambayi kanmu. Mu dubi adadin, da lokacin, mu tuna inda muke a wannan rana da kwana biyu ko uku kafinta, mu kuma tuna ko akwai wanda muka ba katin. Sa'an nan mu ɗauko rasit mu gwada. A jikin rasit ɗin na'ura akwai sunan da kantin yake amfani da shi, da lambar na'urar, da wata lamba mai alƙaluma goma sha biyu da ake kira RRN, wadda ita ce shaidar wannan ciniki shi kaɗai. Saboda haka kada mu bar rasit a kan tebur, musamman wanda ya ce ba a karɓa ba, domin shi ne babbar hujjarmu ranar da aka cire mana sau biyu. Da yake tawadarsa tana dushewa cikin 'yan makwanni, ya kyautu a ɗauki hotonsa da waya tun a bakin ƙofar kantin.

Idan bincike ya nuna cewa ba mu muka yi cinikin ba, kuma ba wanda muka aika, to, babu batun jira. A rufe katin nan take, ta manhajar banki ko ta lambar gaggawa da kowane banki yake da ita domin haka, lambar da ya kamata kowa ya rubuta ya ajiye tun kafin ranar buƙata. Sa'an nan a sanar da banki a rubuce. A kuma kula da wani tarko: masu damfara sukan kira mutum da sunan ma'aikatan banki, su ce za su mayar masa da kuɗinsa in ya faɗi lambar sirrinsa, ko lambobi ukun da ke bayan kati, ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Babu bankin da yake neman waɗannan domin ya mayar da kuɗi. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne.

Idan kuwa ciniki namu ne amma adadin ya ƙaru ko an cire sau biyu, sai mu koma kantin da rasit a hannu, mu nemi ganin manaja cikin ladabi, mu roƙe shi ya duba lissafin wannan rana. In kuskuren nasu ne, su gyara. In kuma lissafinsu ya nuna sau ɗaya kuɗin ya shigo musu, sai mu nufi bankinmu, domin bankin da ya ba mu kati shi ne yake da alhakin bin kuɗin a madadinmu. A can za mu cike fom ɗin koke, mu rubuta rana da lokaci da adadi da lambar RRN, mu kuma tabbatar an ba mu lambar shaidar koken kafin mu fito. Koken baki iska yake bi. A watan Yuni na 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su warware rigimar biyan da aka yi ta na'urar kanti ko ta intanet a cikin sa'o'i 72, maimakon kwana biyar na da. Idan mako biyu suka cika banki bai yi komai ba, akwai Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, wanda aka kafa a 2012, kuma ana rubuta masa takarda tare da lambar koken da aka kai banki tun farko. Idan kuma rigimar ta farashin kanti ce, ƙofar FCCPC a buɗe take.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce kuɗin motar zuwa banki da yinin da za a ɓata a layi sun fi kuɗin da ake bi. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, kuma ba za mu musa cewa wasu ma'aikatan banki suna yi wa ɗalibi kallon wanda ya zo ɓata musu lokaci ba. Amma a yau yawancin koken ana iya shigar da shi ta manhaja ko ta imel daga kan gadon ɗakin kwana. Sa'an nan mu yi lissafi: in ɗalibi ɗaya ya yafe naira 500 ba wani abu ba ne, amma in ɗalibai dubu suka yafe, an tashi da naira 500,000, kuma babu wanda aka tilasta wa gyara na'urarsa ko halinsa. Shirunmu shi ne yake koya wa banki da kanti cewa sakaci ba ya jawo musu asara. Da yayyafi kogi kan cika.

Wasu kuma za su ce bin ƙaramin kuɗi rashin tawakkali ne, ko kuwa ƙaranta ce da ba ta dace da ɗan jami'a ba. Mu ba mu ga haka ba. Yafiya tana da daraja idan mutum ya san abin da ya yafe da wanda ya yafe wa. Amma wanda bai ma buɗe takardar ba, me ya yafe? Kasala ce kawai aka lulluɓe da rigar haƙuri. Kuma kuɗin da iyaye suka aiko amana ne a hannunmu, ba mu da ikon barin sa ya salwanta domin muna jin kunyar tsayawa a gaban tebur.

Sai dai adalci ya wajaba a kanmu kamar yadda muke neman a yi mana. Zato zunubi ne, in ji Hausawa, ko da ya zama gaskiya. Yarinyar da ke zaune a teburin biya tun safe har dare ba ita ta ƙera na'urar ba, kuma a wasu wurare daga ɗan albashinta ake cire duk giɓin da aka samu. Ɗaga mata murya a gaban jama'a kafin a yi bincike zalunci ne. Haka nan wani lokaci abin yakan juya: mutum ya ɗauki kaya ya tafi, daga baya kuɗin su komo asusunsa, kantin bai sami ko kwabo ba. Duk wanda haka ta faru gare shi, wajibi ne ya koma ya biya. Ba shi yiwuwa mu yi kururuwa in an ci namu, mu yi gum in mun ci na wani, sa'an nan gobe mu fito muna zagin shugabanni a kan dukiyar jama'a.

A ƙarshe muna da kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon a buɗe teburin koke a ofishin ƙungiya, ko da sau ɗaya ne a mako, inda 'yan'uwanmu masu karatun akanta da na shari'a za su taimaka wa duk wanda ya zo da takardar da ta ɗaure masa kai, su kuma nuna masa yadda ake rubuta koke. Su ma aikin zai zame musu horo. Muna roƙon a sanya wannan darasi a cikin makon karɓar sababbin ɗalibai, waɗanda da yawansu a ƙofar jami'a suka fara riƙe kati. Muna kuma roƙon ƙungiya ta nemi duk kantin da ke cikin makaranta ya manna, kusa da teburin biya, ainihin sunan da zai fito a takardar bankin mai saye. Wannan ba zai ci musu komai ba sai fallen takarda ɗaya, amma zai kashe rigima mai yawa.

Game da ɗan'uwanmu kuwa, rasit na farko ya riga ya jefar, amma Allah Ya taimake shi na biyun yana cikin ledar sabulu. Da muka duba samansa, sai ga sunan baƙon kamfanin nan ɓaro-ɓaro, ashe sunan rajistar kantin ne. Manajan ya duba lissafinsa ya nuna mana cewa sau ɗaya kuɗin ya shigo musu. Ɗan'uwanmu ya je banki ya cike fom, ya karɓi lambar koke, ya sake tuntuɓarsu da sa'o'i 72 suka wuce, kuma a rana ta biyar naira 7,450 ta komo asusunsa. Da ya bi shawarar masu cewa a bar wa Allah, da gari da ruwa zai ƙarasa watan.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya ware rana ɗaya a ƙarshen wata ya buɗe takardar bayanin asusunsa, ya bi ta layi-layi da rasit a gefe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kāre mana ɗan abin da ke hannunmu, Ya kuma tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin.